Rabon Amand a Fadamar Canard

Amand Saulnier kakan kakarmu ne, kuma zuriyarsa a nan gaɓar Sainte-Marie sun gaji abu biyu a wurinsa, faɗin kafaɗa da taurin kai. An haife shi a bakin kogin Canard a ƙasar Akadiya, inda mutanenmu, masu asali daga Faransa, suke ƙwace gona daga hannun teku. In ruwa ya janye sai maza su yanko curin ƙasa mai saiwar ciyawa, su jera shi su yi ganuwa tsakanin teku da fadama, su binne indararon katako mai murfi a gindinta, don ruwan sama ya fita, na teku ya rasa hanyar shiga. Daga nan sai jira, shekara biyu ko uku, har gishiri ya wanke daga ƙasar.

Aiki ne da ya fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa yake da doka, kuma ba a taɓa rubuta ta ba. Duk wanda ya ɗora ƙasa a ganuwa yana da rabo a gonar da ke bayanta. Ranar da aka rufe ganuwa sai a zauna a kanta a gutsuri burodi ɗaya, shi ke nan an zama abokan gona. Wanda ya karɓi lada kuwa ɗan ƙodago ne, an sallame shi, ba shi da ko taku ɗaya. Amand ya tashi da wannan doka a ransa kamar addu'a.

Yana da mata da 'ya'ya biyu a shekarar 1755, lokacin da sojojin Ingila suka tara maza a coci, suka karanta musu cewa gonakinsu da shanunsu sun zama na sarki. Aka loda su a jiragen ruwa kamar buhunan hatsi. Daga kan jirgi Amand ya ga hayaƙin gidan ubansa. Ɗansu ƙarami bai kai ƙarshen tafiyar ba, matarsa Osite da hannunta ta naɗe shi aka saka shi a teku. A Massachusetts, inda aka sauke su, hukumar gari ta ɗauke 'yarsu Nanette ta kai ta aikatau wani gida, wai don kada ta zame wa gari nauyi. Shekara goma sha ɗaya Amand yana sarar itace yana kwasar kashin dawakin wasu. Da aka ce wanda ke son komawa ya koma, Nanette ta riga ta zama mace, ta yi aure a can. Da Ingilishi ta yi wa uwarta ban kwana.

Suka taso da ƙafa, shi da Osite da ƙanenta Cyprien, mutum mai dogon baki wanda wahala ba ta taɓa hana shi tsokana ba. Sun sha baƙar wuya a daji kafin su iso Canard. Itatuwan tuffa na mahaifin Amand suna nan sun yi 'ya'ya fal. Ramin da gidansu yake a kai ciyawa ta cika shi. Kusa da shi akwai sabon gida na wani Obadiah Pell, cikin waɗanda gwamna ya kwaso daga Connecticut ya raba musu ƙasarmu. Tudun kam Pell ya nome shi. Amma fadamar, wadda ita ce gonar gaskiya, teku ya koma ya kwanta a cikinta tun da wata guguwa ta fasa ganuwar.

Amand ya daɗe tsaye yana duban ɓarakar. Osite ta san wannan tsayuwa tasa.

"Maigida, mu wuce," in ji ta. "An ce ana ba mutanenmu fili a Sainte-Marie."

"Fili ko duwatsu? Ga ƙasata nan a ƙarƙashin ruwa, kira take yi."

Pell da kansa ya sauko ya same su. Yana neman masu gyara ganuwa, ya ce zai biya kowa da alkama da naman alade. Cyprien da wasu mutanenmu da ke yawon neman aiki a yankin suka amsa nan take. Amand ya iya Ingilishi daidai gwargwado, ya ce, "Maƙwabci, zan yi aikin, amma ba na karɓar lada. Rabona zan karɓa a gonar."

Pell ya dube shi, ya dubi ruwan da ya shafe fadamar. "To, Bafaranshe, bari dai mu ga alkama tukuna."

Cyprien ya ja shi gefe. "Yaya Amand, ashe sanyin Massachusetts har cikin kanka ya shiga? Mutumin nan yana da takardar gwamna."

"Takarda ce za ta tare masa teku?"

"Ba za ta tare teku ba, amma kai za ta tare ka sarai. Karɓi naman aladenka mu ci."

Amand ya yi kunnen uwar shegu da shi. Ya shiga aikin kamar mai fansar rai, laka har cinya, daga janyewar ruwa zuwa dawowarsa. Shi ya fafe sabon indararo, shi ya daidaita murfinsa. Pell ma ba malalaci ba ne, yakan tuɓe riga ya ɗauki shebur tare da su. Ranar da aka rufe ganuwar, teku ya taso ya daki ƙasar ya koma. Osite ta kawo burodi, Amand ya gutsura ya miƙa wa Pell a gaban kowa, Pell ya karɓa ya cinye har da neman ƙari. Amand ya ji hawaye ya cika masa ido. Shi a wurinsa magana ta ƙare, an shaida. Pell kuwa yunwa ce kawai yake ji.

Cyprien ya ɗaure ladansa zai wuce Sainte-Marie. Ya roƙi yayarsa ta bi shi ko da mijin bai zo ba, ta ƙi. Ya juya wajen Amand ya ce, "Zan tsaya maka a fili kusa da nawa har bazara, bayan nan sai wanda ya riga. In ka zama mai gona ka aiko mini da burodi, in ka zama mai gadin agwagi ka aiko mini da gashinsu."

Suka kafa bukka a gefen gonar, a kan filin da Pell ya ce ba ya amfani da shi. Amand yana kamun kifi, Osite tana yi wa matar Pell saƙa da wanki. Bayan kowane ruwan sama sai ya sauka fadama ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana a harshe, ya tofar, ya ce da saura. In ƙanƙara ta toshe indararon, shi ke shiga ruwan sanyi ya fasa ta, ba wanda ya sa shi. Abokin gona ai ba a aikensa. Osite ta kamu da tari a sanyi na biyu, iska tana shiga bukkar ta kowace kusurwa. Ta daina yi masa maganar tafiya, kuma wannan shirun ya fi maganar ciwo.

Ba zan ce Pell mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi sauƙin haɗiya. Yakan aiko musu da madara, yakan faɗa wa baƙinsa cewa bai taɓa ganin mutum mai kirki kamar Bafaranshen nan ba, yana aiki ba ya son a biya shi. Ko sau ɗaya bai zauna ya tambayi kansa me mutum mai mata marar lafiya yake jira a bakin gonar wani ba.

A shekara ta uku ƙasar ta yi daɗi. Aka shuka, alkama ta fito har ƙirjin mutum, irin wadda Amand bai gani ba tun yana saurayi. Da aka gama girbi ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki igiyar awo da turaku, ya sauka fadama ya fara kafawa daga gindin ganuwa, daidai inda iyakar ubansa take. Pell ya hango shi ya taho.

"Me kake yi, Amand?"

"Rabona nake fitarwa, maƙwabci. Ka ce mu ga alkama, ga ta mun gani. Ban ɗauki da yawa ba, ka zo ka riƙe mini bakin igiya."

Fuskar Pell ta nuna mamaki na gaskiya. "Wane rabo? Ƙasar nan gwamna ya ba ni. Ko na so, ban ga yadda zan yanka maka ita ba, 'ya'yana za su ci."

"Na ɗora ƙasa a ganuwar nan. Ka ci burodina a kanta."

"Na ci, kuma ya yi daɗi. Amma burodi ba ya sayen gona a wurinmu." Ya sassauta murya. "Saurara, ni ba na cin guminka. Ladanka yana nan, na ware maka alkama tun daga masussuka, har da na shekarun da ka kula da indararo. Akwai jirgin da zai bi ta Sainte-Marie kafin ƙanƙara ta rufe, mai shi zai ɗauke ku a bakin buhu ɗaya. Bukkar ma ina so in rushe ta, ɗana zai yi gini a wurin."

Amand ya tsaya da igiya a hannu. Ya san abin da karɓar buhunan nan take nufi, ko da Pell bai sani ba. Sojoji sun ƙwace ƙasar da bindiga, wannan zalunci ne, mutum yana iya riƙe shi ya bar wa jikokinsa su ci gaba da nema. Amma in ya miƙa hannu ya karɓi lada, to da dokarsu ta kansu, wadda ya ba shekara uku na ransa, ya zama ɗan ƙodago a gonar ubansa. Daga inda yake yana jin tarin Osite a bukka. Ba za ta kai bazara a cikinta ba, kuma ba su da abin biyan jirgi.

Ya tsuguna ya tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya bi Pell zuwa rumbu, ya juya baya aka ɗora masa buhun farko.

Da suka isa Sainte-Marie filayen bakin ruwa sun ƙare tuntuni. Cyprien ya gan shi da buhunan a kan tudu, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya rufe, ya kama masa ɗaya. Filin da ya samu yana can sama cikin daji, dutse a kan dutse, alkama ba ta yi a wurin. Suka ci wadda suka zo da ita, ita ta fitar da su sanyin farko. Osite ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta haifa masa ɗa ɗaya a tsufanta, wanda ta wurinsa muka fito. Amand ya koyi noman dankali da kamun kifi a teku yana da furfura, bai kuwa taɓa ƙwarewa a ko ɗaya ba.

Ya yi tsawon rai fiye da yadda ya so. Ran Lahadi, da yake ba su da limamin coci, tsofaffi sukan taru a gidan ɗayansu su yi addu'a, in an gama a zauna ana lissafa wa yara ƙasar da aka baro. Wannan ya ce tasu tana Grand-Pré daga coci zuwa bakin kogi, wancan ya ce tasu tana Pisiguit, an ƙwace, kada ku manta, taku ce. Amand yakan zauna a ƙarshen benci yana sauraro. Wata rana wata jikar Cyprien da ta yi aure kwanan nan ta juyo ta ce, "Baba Amand, kai ba ka taɓa faɗar taku ba. A ina aka ƙwace muku?"

"A Canard aka haife ni," in ji shi. "Amma kada ki sa mu a lissafi, 'yata. Ni an biya ni."