Gonar da Baba Alzuma ya ba ƙarfen waya

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Alzuma, manomin gero a wani ƙauye kusa da Filinge. Har yau in na ga ƙarfen wayar da ke tsaye a gonarsa, sai in tuna da shi.

A zamaninsa, in kana son aika saƙo Kurmi, wato Gana, direba kake ba sallahu ka koma kana addu'a. Yayana Idi ya tafi can cin rani, shekaru suka shuɗe, ko labarinsa babu. Wannan ne ciwon da ya ci Baba.

Sai ga wani kamfanin waya na ƙasar waje yana neman tudun da zai kafa ƙarfensa. Duk mai gona a kan tudun ƙauyenmu ya noƙe. Ƙasar gado ce, wasu kuma suka ce tudun na iskoki ne. Baba, mutumin da ko kara ba ya bari a cira a gonarsa, shi ya miƙa tasa.

Ƙanensa ya ce, "Yaya, mi ya same ka? Ka ba baƙi gonar kakanni?"

Baba ya ce, "An ce abin ga na ɗauko murya daga Kumasi. In haka na, ɗiyana na iya kirana."

Aka yi ta yi masa dariya, har da ni.

Ina ma Baba ya ga yau! Dillali na tsaye a kasuwar Filinge yana jin farashin raguna a birnin Kwatano. Waken garin Damana kan samu mai saye a Kano tun yana rumbu. Ko lokacin da aka rufe iyakoki, motoci suka tsaya, murya ba ta tsaya ba. Na sani, ribar tana tafiya ƙasashen masu jarin, kuma da yana raye da ya yi tsaki a kan haka. Amma jarin baƙi ya ɗinke mu da maƙwabta fiye da yadda na taɓa zato, abin har tsoro yake ba ni.

Baba ya rasu ana cikin haƙa ramin ƙarfen. Bai taɓa riƙe salula ba.

Da damina ta zagayo, ina noma sauran gonar, waya ta yi ƙara a aljihuna. Wani direba ne ya kai wa Idi lambata.

Na ji muryar Idi tar, kamar yana bayan darni. Ya ce, "Ƙanena, kai na? Ba ni Baba."