Surajo da Kwamfutar da Ya Kai Kiwo Kano

Ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 1999, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah Ya karɓi ran Malam Surajo Hamidu a gidansa da ke Tiga, bayan jinyar ciwon hanta. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ma'aikacin madatsar ruwa ne, amma daga Bebeji har Doguwa an fi saninsa da Surajo Mai Kwamfuta. Ni, Maikano, abokinsa ne tun firamare, kuma abokin gardamarsa.

Surajo, har yanzu ina mamakinka. Shekaru uku da suka wuce ka dawo daga kwas a Legas da wata tsohuwar kwamfuta, ka ajiye ta a zaurenka, ka ja mata layin waya, ka ce za ka buɗe wa yankinmu shafi a intanet. Muka yi ta dariya. Ni ne ma na tambaye ka ko kifin dam ne zai karanta. Ba a yi wata biyu ba sai ga saƙonni daga 'ya'yanmu da ke karatu da neman abinci a Jidda, Ingila da Malesiya, suna cewa sun ga sunan garinsu a allon kwamfuta, wasu har da kuka.

Abin da kake rubutawa ba wani abu ba ne a idon mai garaje: wance ta haihu a Kiru, an ɗaura auren wane a Tudun Wada, ruwa ya yi gyara, tumatir ya faɗi, Allah Ya yi wa wane rasuwa. Amma ga wanda ke nesa, wanda wasiƙa ke isa gare shi bayan an gama zaman makoki, wannan shi ne gida. Tsofaffi kan zo zaurenka su cire takalmi, su faɗi saƙonsu suna kallon na'urar kamar mai jin Hausa. Ba ka taɓa gajiya da su ba. Na ga ranar da Iya Tasalla ta sa ka goge saƙo sau uku saboda ta manta gaishe da surukarta, kai kuwa sai murmushi kake yi.

Matsalar ɗaya ce. Shafin a cikin kwamfutar zaurenka yake zaune, don haka ba ya buɗuwa sai ka tayar da janareta, daga la'asar zuwa isha'i. Ran da mai ya yanke ko waya ta lalace, duniya ba ta jin ɗuriyarmu. Wani kamfani a Kano ya ce ka kawo ta su ajiye a ɗakinsu mai sanyi, inda wuta da layi ba sa yankewa, kai kuma ka riƙa aika mata labari ta waya daga gida. Na matsa maka ka yarda. Ka ƙi ƙememe. Ka ce sirrin mutane ne a cikinta, kuma in ta yi tari kana so ka ji da kunnenka. Ka ce mutanen da ba su san Iya Tasalla ba, ba za su tashi daga kujera don saƙonta ba. Mun shekara muna wannan ja-in-ja, kuma gaskiya taurin kanka ya sha ba ni haushi.

Sai ga shi a watan Satumba ka aiko in raka ka Kano. Na tarar ka naɗe kwamfutar cikin bargo, ka rame har wuyan rigarka ya yi maka yawa. A mota kan cinyarka ka ɗora ta. Da muka wuce Kwanar Ɗangora na tsokane ka, na ce ashe dai ka sauko. Ka kalli gonaki, ka amsa mini.

"Maikano, shanuna suna wajen Ardo Dikko shekara da shekaru, ban taɓa kwana da su ba, kuma suna ta haihuwa. Ita ma kiwo zan kai ta. Likita ya gaya mini abin da ya gani. In ta zauna a zaurena, ranar da na kwanta ita ma ta kwanta."

A kamfanin ka duba ɗakin lungu-lungu, ka tambayi sunan kowane ma'aikaci da na mahaifinsa, ka sa hannu a kan kwamfutar kamar mai sallama da ɗiya, sannan muka fito. Sauran kwanakinka ka ƙarar da su kana koya wa maiɗakinka Furera yadda ake aika labari da wata ƙaramar kwamfuta, ita da ba ta taɓa taɓa na'ura ba. Ka kuma sa ta yi maka alkawari ɗaya.

Ta cika shi. Safiyar da ka rasu, mata na ta shigowa gaisuwa, ta share hawaye ta zauna, ta buga sanarwar da yatsa ɗaya. Da can, a irin wannan lokaci shafin a rufe yake. Ɗanka Ɗanliti, da ke karatu a Malesiya kuma ba shi da waya kusa, ya gani a ɗakin kwamfutar makarantarsu. Ya sanar da limaminsu, aka yi maka salla a can tun mu nan ba mu kai ka makwanci ba. Da na ji haka sai da na zauna a ƙasa.

Ya Allah, Ka gafarta wa Surajo, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowane zumunci da ya sada ya zama haske gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Furera, da Ɗanliti da ƙannensa Rabi da Balaraba, da abokan aikinsa na madatsar ruwa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ɗanliti, ka aiko kana tambaya ko za a rufe shafin. Ba za a rufe ba. Jiya matar Ardo Dikko ta haifi namiji, mahaifiyarka kuma ta riga ta rubuta.