Malama Ryu da Kwanon Maraba

Bargo biyu. Bokitin roba. Kwalbar zuma. Busasshen kifi na miyar safe. Cajar waya, da wata cajar don wanda zai manta tasa. Abin da Malama Ryu Gyeong-ok ta riƙo ke nan, tana zaune a bayan direba, bas yana hawa dutse da sababbin ɗaliban sashen injiniya zuwa masaukin da za a yi musu maraba. A wurin zuba kaya na ƙasan motar akwatunan giyar soju ne, kwalba na bugun kwalba duk inda aka sha kwana. Ba ta tambayi yawansu ba. Ta shekara ashirin da 'yan kai tana jin wannan ƙarar.

Aikinta a jami'armu shi ne ba ɗalibai shawara kan shan giya. Ɗakinta yana ƙarƙashin ginin laburare, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru. Da safe takan saurari waɗanda suka iya saukowa. Da rana takan rubuta wa waɗanda kunya ta hana saukowa, su ne kuma suka fi yawa. Da yatsa ɗaya take rubutun a waya, tabarau a ƙarshen hanci, tana tsaki. Ba ta taɓa rubuta wa kowa cewa giya ba ta da kyau ba, don ta ce ko kare ya san wannan. Abin da take rubutawa shi ne: ka ci shinkafa kafin ka tafi. Ka zauna nesa da mai zubawa. Kada ka shanye kofin, ka bar rabi. Kowa a ƙasar nan ya san ba a ƙara wa mai rai giya a kan wadda bai shanye ba, matattu ake yi wa haka ranar tunawa da su. Ita kaɗai ta lura cewa yaro zai iya ɓuya a bayan wannan al'adar har a tashi.

Ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya. Hukumar makaranta ta ce ba za a ɗauki wani ba, an sayo na'urar da za ta riƙa tura wa kowa saƙo iri ɗaya ranar Litinin da safe. Ranar Litinin. Bayan an gama amai.

Ni ma ina cikin motar, a matsayin ƙaramin malami. Na yi karatu a ƙasar da in ka ce ba ka sha sai a miƙo maka ruwa a ci gaba da hira. Na dawo gida na tarar har yanzu ƙin karɓar kofi daga hannun babba ya fi faɗuwa jarrabawa muni.

Farfesa Pyeon, shugaban sashen, ya waiwayo daga kujerarsa.

"Malama Ryu, bana ma da bokitin? Ki bar yara su zama mutane mana. Mu a zamaninmu a cikin takalmi aka ba mu muka sha."

"Na ji labari, Farfesa. Yaya hantar?"

Ya juya ya ci gaba da kallon taga.

Nan wayarta ta yi motsi. Wata sabuwar ɗaliba ce, zan kira ta Seol-a, ba shi ne sunanta ba, kuma da yardarta nake ba da labarin. Ta rubuta: "Malama, ni ce mai jar hula a baya. Ina shan maganin farfaɗiya, likita ya ce ko ɗigo kada in sha. Ba na so a sani. Yaya zan yi da kwano?"

Dabarar rabin kofi ba ta aiki a kan kwano. Kwanon maraba ana cika shi da giyar shinkafa, sabon ɗalibi ya kafa kai ya shanye a gaban yayyensa, ya kife shi a kansa don a ga ba saura. In Seol-a ta sha, za ta iya faɗuwa a gaban kowa, ta ma iya rasa ranta. In ta ƙi ba dalili, ba mai ba ta tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ba mai kiranta cin abinci, har ta gama makarantar. In ta faɗi dalilin, sunan ciwon zai riga ta isa duk inda ta je neman aiki.

Malama Ryu ta rubuta mata: "Ki shiga layi kamar kowa. Kada ki ce komai."

Rana ba ta faɗi ba aka fito da kwanon. An jera sababbi a tsakar falon masaukin, manya sun zauna a ƙasa sun kewaye su suna tafi. Mai riƙe da tulun giyar shi ne Gil Tae-seop, shugaban ɗaliban sashen, ɗan shekarar ƙarshe. Malama Ryu ba ta tashi ta yi wa'azi ba. Ta gwada haka a shekarunta na farko, aka saurare ta da ladabi, aka jira ta fita. Ta zauna a kusurwa ta rubuta wa Tae-seop, yana tsaye taku kaɗan daga gabanta. Shi ya nuna mini saƙonnin daga baya.

"Kai ne babba a nan. Ka ce wanda ba zai sha ba ya yi waƙa."

"Malama, waye ba zai sha ba?"

"Ba ruwanka."

"To ki faɗa da kanki."

"In na faɗa, dokar makaranta ce, za su taka. In kai ka faɗa, al'ada ce."

"Za su yi mini dariya."

"Sun yi maka dariya ranar da na raka ka asibiti da takalmi ƙafa ɗaya. Ga ka nan da ranka."

Ya sa wayar a aljihu, ya cika kwanon. Na farko ya sha ya kife. Na biyu ya sha, rabi ya dawo ta hanci, falon ya ɗauki ihu. Seol-a tana matsowa, hannayenta a cikin hannun riga. Malama Ryu ta cire tabarau ta zuba wa Tae-seop ido, irin kallon da ake yi wa tukunyar da ta ƙi tafasa.

Sai da ya rage mutum ɗaya a gaban yarinyar sannan Tae-seop ya yi gyaran murya.

"Ƙannena, bana akwai sabon abu. Wanda ba zai iya kwano ba, ya biya da waƙa."

"Kai, Tae-seop, budurwa ta hana ka sha ne?" wani ya jefo daga baya.

"Yaya, ni zan sha," na gaban layin ya faɗa da sauri, don kada a ce shi ne rago. Ya sha.

Nan matsalar ta fito fili. An buɗe ƙofa, amma ba wanda zai yarda ya fara bi ta cikinta. Seol-a ta miƙa hannu biyu ta karɓi kwanon, don jikinta bai san wani abin da ake yi ba in babba ya miƙo.

Malama Ryu ta tashi, gwiwoyinta na ƙara.

"Tae-seop, ba ka da tarbiyya? Ina zaune, ni da na haifi uwarka, ka tsallake ni?"

Ta karɓe kwanon daga hannun yarinyar, ta leƙa ciki, ta ajiye shi a ƙasa.

"Ba zan iya ba. Waƙa zan yi."

Ta yi. Ban taɓa jin murya mai muni irin wannan ba. Wata tsohuwar waƙar masunta ce, ta manta rabin baitocin ta cike da tari. Yara suka riƙe ciki, har Farfesa Pyeon ya rufe fuska. Da ta gama ta dubi Seol-a.

"Ke mai jar hula, in kin fi ni murya mu ji."

Seol-a ta yi waƙa. Aka tafa mata don ta fi tsohuwa. Wasu 'yan kaɗan suka bi bayanta. Sauran suka sha, kada wani ya ɗauka an gyara duniya. Da gari ya waye bargunan nan biyu suna kan mutane, bokitin ya yi aikinsa, Malama Ryu tana kicin tana dafa miyar kifi tana zagin iyayen da suka haifi injiniyoyi.

Malama Ryu, ke ce mai ɗakin ƙasa. Ke ce kika san lambar yaran da iyayensu ke zaton suna laburare. Ke ce kika zubar da girmanki a gaban yara don wata yarinya ta tsira da nata. Ba a taɓa sa hotonki a mujallar jami'a ba, ga shi hoton sabon filin ajiye motoci ya fito sau biyu. Mun gode. Ba mu da abin da ya fi wannan, kuma abin kunya ne.

Ga sauranmu masu zuba wa na ƙasa da mu: ba sai kun iya ba da shawara ba. In yaro ya bar rabin kofi, ku ɗauke kai. In ya ce ba ya sha, kada ku tambaye shi dalili. Wannan bai fi ƙarfin farfesa ba.

A makonta na ƙarshe na sauka in yi mata sallama. Na tarar da Malam Ma na ofishin gine-gine a bakin ƙofa, ya zo karɓar mabuɗi, za a mayar da ɗakin ma'ajiya. Suna cikin magana Seol-a ta sauko, da rana tsaka, ba ta ko duba wa ke ganinta ba.

"Malama, Farfesa Pyeon ya gayyaci ajinmu cin nama. An ce shi da kansa yake zuba wa kowa, kuma ba ya son waƙa."

Malama Ryu ta ja dogon tsaki.

"Shiga ki zauna."

"Malama, mabuɗin fa?" in ji Malam Ma. "Ni ma aiko ni aka yi."

"Ka koma ka ce musu ritaya ta hana ni albashi, ba ta hana ni zama ba. Ranar da suka kawo mutum mai kunne ya zauna a kujerar nan, ka zo ka karɓa. Kafin nan ina nan."

Ta rufe ƙofa.