Kunnen Dabo da Kaset ɗin Kalilu

Yayana Dabo mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Daura, kuma tun yana yaro Allah ya ɗora masa kunne mai tsirfa. Shi ba ya jin waƙa, sai aibin akwatin da ke yin ta. In ka kunna masa rediyo sai ya karkata kai, ya ce wannan da hanci yake magana, wancan kuma cikinsa ba komai. Har ladanin unguwarmu sai da Dabo ya bi shi gida ya gaya masa lasifikar masallaci tana shaƙe masa murya. Da wannan hali muka yi ta fama.

A shekarar 1976, lokacin da kuɗin man fetur ya sa kowa ya rataya rediyo mai kaset a kafaɗa, babban yayanmu Kalilu ya aiko da kaset daga Ingila, inda gwamnati ta tura shi karatu. Shekara uku ke nan Inna ba ta ji muryarsa ba. Muka taru a tsakar gida, Dabo ya sa kaset ɗin a akwatin rediyo ya danna. Kalilu na yin sallama, Inna ta miƙe ta shige madafa, wai tuwo zai kama.

Duk matan gidan mun gane. Kalilu ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", balle ta zauna gaban jama'a tana sauraronsa. Amma Dabo ya kafe cewa kunnenta ne ya yi nauyi.

Na ce, "Yaya, kunya take ji. Ka ajiye mata akwatin a ɗaki ka fita."

Ya ce, "Murja, ke me kika sani game da sauti? Lasifikar nan ba ta dace da kunnen tsoho ba."

Ya zare kaset ɗin ya kai shago, wai sai ya samo mata abin sauraron nan da ake kifawa a kunnuwa, irin na ma'aikatan gidan rediyo. Ya karɓo biyu wurin Ya'u, wani ɗan kasuwa a Mai'adua, ya sa direba ya taho masa da ɗaya daga Kano. Daga nan aka shiga gwaji. Na farko ya ce yana kumbura murya kamar mai magana cikin randa. Na biyu ya cika kaifi. Na uku ya yi, amma kunnen hagu ya ɗara na dama kaɗan. Ya kifa wannan a kunne ya cire, ya kifa wancan ya rufe ido, aikin mutane na jibge a gefe. Mako biyar ana abu ɗaya. In ka tambaye shi abin da Kalilu ya faɗa, sai ya ce bai kai nan ba tukuna.

Ni kuwa raina sai ɓaci yake, don kullum in ya dawo gida Inna na shara a bakin ƙofa, tana satar kallon hannunsa.

Ranar da ya zaɓi na Kano, sai ya tara matan gida har da na maƙwabta. Ya kifa wa Inna abin a kan kallabinta, ya tsuguna gabanta ya zuba mata ido.

"Inna, kin ji? Yaya kika ji kaurin muryar?"

Ta cire ta miƙa masa. "Ban ji komai ba."

Ya ce dama ya faɗa, kunnen hagun nan ne, gobe zai mayar Kano a sake. Ranar na manta yayana ne. Na fizge akwatin da abin kunnen na kai ɗakin Inna, na shigar da ita na kunna mata, na saki labule, na sallami mata, shi kuma na tasa shi gaba har zaure yana ta bayani.

Bayan la'asar na ji ta kira ni ƙasa-ƙasa. Na same ta zaune a kan tabarma ta juya wa ƙofa baya, idanunta jawur.

Ta ce, "Abin nan ya yi shiru. Ina ake mai da shi baya?"

Na nuna mata. Ta ɗauki abin za ta sake kifawa a kunne, sai ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Wancan mura yake yi. In za ku rubuta takarda, ku ce ya riƙa rufe ƙirjinsa."