Bunsurun Baba Yohanna

Samari, kafin in ba ku shawara bari ku fara jin wautata: ni ne na saci bunsurun da aka saya don a ciyar da ni.

Da can ɗan dako ne ni a Dutse, lokacin da aka ba mu jiha gari ya cika da baƙi. Boko aji biyu na yi, malam ya ce in tafi in bar wa masu rabo benci. Da ɗiban gyaɗa a buhun mutane na fara, sai kaza, har na kai ga mai ƙafa huɗu.

Maƙwabcina Baba Yohanna ne, Kirista, birkila. A ƙofar gida yake shimfiɗa tabarma ya ci abinci, duk wanda ya gifta sai ya ce, "Zo ka taimake ni, tuwon ya fi ƙarfina." Ni kuwa kullum hanyata ta nan take bi. Duk Kirsimeti yakan sayi bunsuru, ya kira Musulmi ya yanka, don kada wani a unguwa ya ƙi ci.

Shekarar da aka fara shari'a, saura kwana uku Kirsimeti, su Baba suna coci na kwance bunsurun na kai kasuwar Jahun. Can aka kama ni da igiya a hannu. Jama'a sai cewa suke, "Hannu ya tafi!" Na yi ta kallon hannuna na dama kamar baƙo mai shirin sallama.

A kotu alƙali ya tambayi Baba, "Naka ne?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na saya, amma na unguwa ne. Shi ma yana da rabo a ciki."

Alƙali ya ce ba a yanke hannun mutum a kan abin da yake da rabo a ciki. Hannu ya tsira, amma masu kaji suka taso, aka ɗaure ni wata tara. Duk Lahadi Baba yakan zo gidan yari da kwano, ya tsuguna a ƙasa har in cinye. Bai taɓa yi min wa'azi ba.

Na fito, na tuba, na koma dako. Da Kirsimeti ta zagayo, a gaban kowa ya miƙo min wuƙa ya ce, "Malam, bisimilla." Ni da ko akuya ba ta taɓa ce min Malam ba! Tun ranar ni ke yankan, kuma ku tambaya, ba a taɓa samun kuskure ba. Yanzu ni ma a ƙofa nake cin nawa tuwon.

Ku kiyayi ɗiban gyaɗar nan ta farko, samari. In yunwa ce, ku yi sallama ku zauna, akwai masu bayarwa.

Ranar yankan farko, muna fiɗa, Baba ya sunkuyo ya ce min a hankali, "Bara da ka jira kwana uku, cinya na ware maka."