Baƙin da Pani Wiesia Ta Jira

Shekara ashirin da shida Wiesława Kordel ta yi tana kallon launin baƙi. Aikinta ke nan a masana'antar talabijin ta garinmu, inda ni ma na yi shekara goma sha tara a teburin da ke kusa da ɗakinta. Pani Wiesia muke ce mata, wato Malama Wiesia. 'Yar ƙauye ce, gajeruwa, mai faɗin kafaɗa, da ta tashi tana tatsar shanun babanta. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma idonta ya fi ƙarfin kowa.

A wani ɗaki marar taga take zama. Duk talabijin da aka haɗa sai an turo mata, a kunna, a sa fuskarsa ta nuna baƙi zalla. Ita kuwa ta ce bai taɓa zama baƙi ba. Akwai fitila a bayan gilashin, kuma ko yaya aka tare haske sai ya tsiyayo. Lokacin da ake sa dogayen ƙwayayen fitila a baya, ta ce launin ruwan wanke-wanke ne. Da aka koma jera ƙananan fitilu a gefe don talabijin ya sirance, sai kusurwoyi suka riƙa yin fari-fari, tsakiya ta yi gizagizai. Mu ba ma gani sai ta ɗora mana yatsa a wurin.

Wata shekara aka kawo na'urar awo mai kyamara. Injiniyanmu, Pan Leszek, wato Malam Leszek, ya tsokane ta cewa ta fara neman gonar kokwamba, an samo wadda ba ta shan shayi. A makon farko na'urar ta ce wasu talabijin arba'in lafiya lau suke, Pani Wiesia ta tsayar da su. Aka buɗe ɗaya, aka tarar layin fitilun ƙasa ya ɗan goce. Aka buɗe sauran, haka. Washegari Pan Leszek ya shigo da burodi mai zaƙi na 'ya'yan fofi masu kama da riɗi, ya ajiye mata.

Daga baya aka zo da masu dubban fitilu ƙanana a baya, waɗanda ke mutuwa a inda hoto ya yi duhu. Ta yaba, amma ta ce duk abu mai haske yana da hayaƙi kewaye da shi.

Ana saura wata biyar ta yi ritaya, aka turo mata wani sabo da safe. Ina cikin ɗakin ranar. Ta zauna, ta jira, ta ƙara jira, sannan ta juya.

“Pan Leszek, ka tsufa ne? Ai ba ka kunna ba.”

“A kunne yake, Pani Wiesia. Wannan ba shi da fitila a baya. Kowane ɗigo shi ke ba da nasa hasken.”

Ya danna wani abu. Kyandir ɗaya ya bayyana a tsakiyar ɗakin, yana ci, harshensa na rawa. Babu hayaƙin nan, babu gefe, ban ma iya cewa ga inda gilashin ya ƙare ba. Pani Wiesia ta miƙe ta matsa har hancinta ya kusa taɓa shi, ta bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake bi. Sai ta kai tafin hannu kusa da harshen wutar, kamar mai jin ɗumi.

Ta roƙi a bar ta minti goma, aka bar ta. Da ta fito ta sa hannu a takardar amincewa, muka tafi ɗakin cin abinci. Miyar gwoza, wata jar saiwa mai kama da dankali, aka yi ranar. Ta riƙe cokali har miyar ta huce, sannan ta kira sunana a hankali ta ce:

“Halinko, ashe suna iya yin baƙi na gaske.”