Ranar da Motoki Bai Je Shagon Awara Ba

Ƙanena Motoki bai iya cewa a'a ba. Tun muna yara haka yake. In mahaifiyarmu ta ƙara masa shinkafa bayan ya ƙoshi, sai ya sunkuyar da kai ya cinye, daga baya ya je ya kwanta yana riƙe da ciki. Shekara huɗu na ba shi, don haka ni ce bakinsa a gida da makaranta. Sunana Chizuru, gyaran gashi nake yi a garinmu Shinjo. Bayan rasuwar iyayenmu mu biyu muka ci gaba da zama a gidan, ni a ƙasa, shi a bene.

Yana da shekara ashirin da uku ya fara aiki a shagon awarar Maigida Genzo da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ba neman aikin ya je ba, awara na aike shi ya sayo. Genzo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, wannan kafaɗar taka me take ɗauka?"

Motoki ya ce babu komai a yanzu.

"To gobe ƙarfe huɗu na asuba. Ka zo da takalmin roba."

Shi ke nan, sai da ya yi shekara goma sha ɗaya a wurin.

Da yamma ya jiƙa waken suya, da asuba ya markaɗa, a dafa, a tace, Genzo ya zuba ruwan gishirin da ke sa madarar ta kama, a danne, sannan a yanka a cikin kwatarniyar ruwan sanyi. Matar Genzo, Uwargida Tomie, ita ke suya da sayarwa a gaba. Da hunturu hannuwan Motoki sukan tsattsage har su yi jini. Tomie ce ke ajiye masa man shafawa a kan taga, ita ce kuma ke zuba masa abincin rana, kullum sai ta fi zuba masa kifi a kan na mijinta. Shi kuwa Genzo gajere ne mai ƙatuwar murya, bai taɓa kiran Motoki da sunansa ba. Kurma yake ce masa, saboda shirunsa. "Kurma, ɗago tukunyar nan!" "Kurma, wanda ya yanka wannan awarar da ido ɗaya ya yanka ta?" Amma in baƙo ya kushe aikin Motoki, ranar sai baƙon ya bar shagon ba awara.

Ɗansu guda ɗaya ne, yana aikin ofis a Tokyo, kuma tuni ya faɗa musu shi ba zai taɓa wake ba. A shekara ta tara sai Genzo ya fara nuna Motoki ga masu saye yana cewa, "Ku dube shi da kyau, shi ne magajina. In na mutu shi za ku riƙa yi wa ƙorafi." Mutane su yi dariya, Motoki ya sunkuya ya gode. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so.

Ba ya so. Abin da yake so tun yana ƙarami shi ne tuƙin bas. Ranar Laraba ake rufe shago, sai ya yi shekara guda cur yana zuwa koyon tuƙin babbar mota a ɓoye, har ya sami lasisi. Wani kamfanin bas a birnin Sendai ya ɗauke shi, aka ce ya zo horo a ƙarshen Disamba. Wata uku aka ba shi ya sallami inda yake. Ka'ida ita ce a ba da sanarwar wata guda, kunya kuma ta ce mutum ya faɗa tun da wuri, musamman a shagon da mutum uku ne kawai ke riƙe da shi.

Ya rubuta takardar barin aiki, rubutu mai kyau, ya sa a farin ambulan. Wata biyu tana aljihunsa har gefenta ya yi laushi. Sau ɗaya ya kai ga buɗe baki. Sun gama aikin safe, ya tsaya a gaban Genzo ya ce, "Maigida, ina da magana."

"Magana? Kai? Tomie, fito ki sha mamaki, yau kurma zai yi magana!" Sai ya ɗaga hannu. "Tsaya, tawa ta riga taka. Zo nan."

Ya ja shi bakin tukunya, ya damƙa masa ludayin ruwan gishirin nan da bai taɓa bari kowa ya riƙe ba, har matarsa. Ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake zubawa, da yadda ake gane lokacin daga ƙamshin tururi. Da suka gama ya ce, "Yauwa. To, mece ce maganarka?"

Motoki ya ce dama taya ɗaya ta keken kai kaya ce ke sacewa.

Ni na san komai tun farko. Kullum muna cin abincin yamma sai na tambaye shi, "Ka gaya musu?" Ya ce gobe. Ranar ashirin da shida ga Disamba ya dawo ya zauna bai taɓa abinci ba. Saura kwana biyar sabuwar shekara, lokacin da kowane gida ke son soyayyar awara, lokacin da shagon ya fi kowane lokaci aiki. Ya ce jirgin farko zai hau gobe.

Na ce, "Motoki, in ba za ka iya ba, ni bari in je yanzu in faɗa musu."

"Yaya, don darajar iyayenmu kada ki je. Zan tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa in zan wuce. In na isa kuma zan kira."

"Wake fa? Ka jiƙa?"

"Ninki biyu. Haka Maigida ya ce."

Ban je ba. Da na miƙe na sa takalmi a lokacin, tafiyar minti goma ce.

Bai tura takardar ba. Daga baya ya gaya mini ya isa ƙofar shagon da jakarsa, ya ga fitila a kunne, ya ji Genzo yana tari a ciki, sai ya kasa. Ya juya ya nufi tasha, ya kashe wayarsa.

Wajen ƙarfe tara na safe ina shirin buɗe shagona sai ga Uwargida Tomie, dusar ƙanƙara a kanta, tana rungume da 'yar tukunyar kunun shinkafa a naɗe cikin tawul.

"Chizuru, sannu da aiki. Motoki ba shi da lafiya ne? Wayarsa ba ta shiga. Na ce bari in kawo masa ɗan abu mai zafi."

Na ce, "Uwargida, ai ya fita da asuba kamar kullum."

Ba ƙarya a cikin kalmomin, amma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba. Na ga fuskarta ta sauya. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, kuma tsakanin gidanmu da shagon akwai babbar magudanar ruwa da ake tura ƙanƙara a ciki. Duk wanda ya girma a nan ya san mutum kan zame ya faɗa. Su a ransu ba abin da zai hana Motoki zuwa aiki sai hatsari. Tunanin cewa tafiya ya yi ko kusa bai zo musu ba.

Genzo ya bar waken a ruwa, ya ɗauki dogon sanda. Maƙwabta suka fito, aka kira 'yan sanda biyu. Aka riƙa bin magudanar ana ɗaga murafu ana zura sanda. Ni ma ina cikinsu, da mayafi a wuya, ina leƙawa kamar mai nema. Kowane minti ina cewa a raina yanzu zai kira, yanzu zai kira, ya fitar da ni. Ana ta dafa kafaɗata ana cewa in yi haƙuri, za a gan shi. Wata tsohuwa har shayi ta kawo mini.

Sai da aka kai ƙarƙashin gada, na ga Genzo, mai shekara saba'in da ɗaya, ya sauka cikin ruwan nan har gwiwa yana kira, "Motoki! Motoki!" Ranar na fara jin sunan a bakinsa. A nan na kasa. Ƙarfe biyu ta wuce. Na ce, "Maigida, ka fito. Yana Sendai. Aiki ya samu."

Genzo ya ɗago ya dube ni.

"Yana da rai?"

"Yana da rai."

"To."

Aka ja shi ya hau. Ban manta abin da ya yi ba: ya cire hularsa, ya bi 'yan sandan da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa, ruwa na zuba daga wandonsa, yana cewa, "Ku gafarce mu, ma'aikacina ya wahalar da ku. Laifina ne." Ni kaɗai ya tsallake. Tomie ta koma shagona ta ɗauki tukunyarta.

Waken ya lalace. Gidajen da suka yi oda ba su sami awarar sabuwar shekara ba. Sanyin ya kama ƙirjin Genzo, ya yi mako uku a asibiti. Ya gwada ci gaba shi da Tomie, amma tukunyar ta fi ƙarfin tsofaffi biyu. Kafin a fara dashen shinkafa an rufe shagon.

Da Motoki ya kunna waya da yammacin ranar na gaya masa duka, ban rage ko ɗaya ba, har da gadar. Ya aika takardar ta gidan waya, da wata wasiƙar ban haƙuri. Ba a ba shi amsa ba. Ya zama direba, kuma sun ce a kamfanin ba wanda ya kai shi kiyaye lokaci. Amma shekara shida bai tako Shinjo ba, ko ziyarar kabarin iyayenmu ni kaɗai nake yi.

Wasu matan unguwa sun daina zuwa gyaran gashi wurina, ban ga laifinsu ba. Tomie kuwa ba ta daina ba. Duk wata sai ta zo ta zauna a kujerata, mu yi hirar farashin kabeji da ciwon gwiwa, ina kallon idonta a madubi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A shekara ta shida, ina cikin busar mata da gashi, ta ce, "Ki gaya wa ƙanenki in zai zo, ya zo bana. Tsohon nan yana ta ƙanƙancewa."

Ya zo da damina. Ni na raka shi, don na san in shi kaɗai ne zai iya juyawa daga bakin ƙofa. Muka tarar da Genzo a zaune kusa da fanka, ya rame sosai. Ya daɗe yana kallon Motoki, sannan ya ce, "Ka makara aiki."

Motoki ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa. "Maigida, Uwargida, ba ni da bakin ba ku haƙuri."

"Dama yaushe ka taɓa samun baki? Tashi, kana jiƙa mini tabarma." Ya yi tari. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Me ya hana ka faɗa?"

"Na san za ka ce in zauna. Kuma na san in ka faɗa, zan zauna."

"Da na ce mana! Da na zage ka tas, in yi mako ba na kula ka. Daga nan kuma fa? Ɗaure ka zan yi da igiya? Ɗan cikina ma ya tafi, ban mutu ba." Ya nuna matarsa da haɓa. "Ni shago na rasa, shago kuwa dama wata rana za a rufe shi. Ita ka tambaya."

Tomie ta ajiye mana shayi, ta zauna. Ta ce, "Awa biyar na yi ina tunanin wane kaya za mu sa maka in an tsamo ka. Har na zaɓa. Wannan ne ban iya cirewa daga raina ba, Motoki. Na gwada."

Ni ma na sunkuya na ce, "Uwargida, ni ma…"

Ta ce, "Ke naki daban ne. Shi ba ya wurin. Ke kina kallonmu."

Na karɓa, don gaskiya ce.

Can sai Genzo ya ce, "Wannan bas ɗin taka, mutum nawa take ɗauka?" Motoki ya ce saba'in, in an haɗa da na tsaye. "Saba'in! Kuma kai ne ke sanar da su tasha ta gaba? Da wane bakin?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Muka yi kusan awa guda yana yi masa tambayoyi a kan birki da hanyar dutse in ƙanƙara ta daskare. Da za mu tafi bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Cewa ya yi mu ja ƙofa da kyau saboda sauro.

A hanyar tasha Motoki ya tambaye ni, "Yaya, kina ganin ya huce?" Na ce ban sani ba.

Genzo ya rasu a watan Nuwamba. Motoki ya zo jana'iza, ya tsaya can baya kusa da inda ake ajiye takalma. Tomie ta hango shi, ta aiko ɗanta ya ce masa ya matso, akwai wuri a layi na biyu, bayan dangi. Ya matso ya zauna. Washegari ya koma Sendai, yana da tuƙin rana.